Da Ƙafarta Za Ta Shiga

Vernon ya rasu a watan Fabrairu. Ya fita da safe zai kai shara bakin titi, ya faɗi a gaban ƙofa, kafin motar asibiti ta iso an gama. Ya bar ni da gida, da 'yarmu Janine da ke aure a Telford, da Mabel a gareji.

Mabel mota ce. Ƙirar 1966, koriya, mai katako a bayanta, kamfanin da ya ƙera ta ma ya daɗe da rufewa. Tun kafin a haifi Janine ya saye ta, kuma tun daga lokacin babu shekarar da ba mu kai ta baje kolin tsofaffin motoci na ƙungiyarsu ba, Lahadin farko ta watan Yuli, a gonar Hobley.

Ni a kujerar gefe nake zama. Aikina fulas ɗin shayi, biredi da cuku, da kujeru biyu masu naɗewa. In mun isa, Vernon ya ɗage bonet ya tsaya a gefe yana jiran mai tambaya, ni kuma in koma bayan mota wurin sauran mata mu ci naman mazajenmu. Duk motar da ta shigo fili da ƙafarta ana ba ta 'yar tagulla mai shekarar a jiki. Wadda aka ɗauko a tirela, ko aka ja, ko aka tura, komai kyanta ba a ba ta. Dokar ƙungiya ke nan tun kafuwarta. Vernon yakan ce motar da aka ɗauko a tirela gawa ce aka kawo kallo. Tagullolinsa suna jere a wani allo a bangon gareji, kowace a miƙe sambal, don mutum ne da ko hoton bango ya karkace sai ya bar abinci ya tashi ya gyara.

Shekarar da ya rasu aka sayar da gonar Hobley za a yi gidaje. Ƙungiya ta koma Calverhurst, wani tsohon gidan masu hali da ke kan tudu, mai makeken fili a gaba. Ban taɓa zuwa ba.

A watan Mayu Clive Bradwell ya zo gidana tare da Janine. Clive shi ne shugaban ƙungiya, abokin Vernon tun suna samari. Da na ga sun shigo tare kowa yana kallon ƙasa, na san an riga an gama magana a waje. Na dai ɗora ruwan shayi.

"Matar Vernon," in ji Clive. Haka yake kirana tun ranar aurenmu. "Akwai wani dillali, Farrow, mutumin kirki ne. Zai zo Calverhurst, kuma yana son Mabel. Ni zan ɗauke ta a tirelata, ba sai kin wahala ba."

"A tirela."

"To, ai ganin yanayi..."

"Da bakinka, Clive? Kai da kuke zama da Vernon kuna yi wa masu tirela dariya har kuna ƙwarewa da shayi?"

Ya hau juya cokali a kofin da babu sukari.

Janine ta ce, "Mama, mota ba hoto ba ce da za a rataye. In ta zauna ruɓewa za ta yi, katakon nan ya ci. Baba ne ke kula da ita. Ke ko tuƙa ta ba ki taɓa yi ba."

"Ina da lasin tun ba a san za a haife ki ba."

"Kina tuƙa mai canza giya da kanta, daga nan zuwa kanti."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi min zafi. Ba muguwa ba ce Janine. Tsoro take ji kada wata rana a kira ta a waya a ce an tsinci uwarta a rami. Amma ni a lokacin abin da na gani shi ne, mutum ya mutu ko wata huɗu ba a yi ba, ana rabon abin da ya fi so a kan teburin kicin ɗina.

Na ce, "To ga magana. Ni zan kai ta Calverhurst. In ta shiga da ƙafarta na karɓo tagulla, babu mai ƙara yi min zancen sayarwa, ke ko shi. In ta gagare ni, ku ba Farrow ɗin naku a ranar."

"Na yarda," in ji Janine. Ta faɗa da sauri, irin saurin wanda ya san ya riga ya ci.

Washegari na cire wa Mabel mayafi na buɗe ƙofar direba. Kujerar ta lotse daidai jikinsa. Da na zauna sai na nutse, sitiyari ya tare min gaba, ƙafata ba ta kai kuloci. A aljihun ƙofa akwai ragowar alewar mintin da yake tsotsa. A coci ranar jana'izarsa ban yi kuka ba, har ƙanwarsa ta yi ta kallona. A nan na yi shi. Da na gama na shiga gida na ɗauko matashi biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a baya.

Ranakun Lahadi da sassafe nake fita da ita filin ajiye motoci na bayan masana'antu, inda babu kowa sai tsuntsaye. Giyar nan ta yi ta ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Nakan ba ta haƙuri da baki. A hankali muka saba. Ba ta so na, amma ta daina ƙi na.

Ranar baje koli aka tashi da rana irin wadda ba mu saba gani ba. Tun da safe kwalta ta fara wari. Janine ta zo cikin riga mai furanni da takalmi mai tsini, wai ta ji akwai wurin shan shayi na 'yan gayu a Calverhurst. Da ta buɗe jaka za ta ɗauko tabarau na hango wani kwali a naɗe, an rubuta NA SAYARWA da baƙin alƙalami. Na yi kamar ban gani ba. Na miƙa mata fulas.

"Riƙe shi tsakanin ƙafafunki. Murfin ba ya kamawa."

Hanya ta yi kyau. Motoci suka yi ta wuce mu, wasu suna ɗaga mana hannu, Janine tana riƙe da hannun ƙofa kamar wadda ke cikin kwalekwale. Da muka wuce gadar Ludbrook na ji ta saki numfashi.

"Ba laifi, Mama."

"Jira mu isa kafin ki yabe ni."

Muna shan kwanar ƙarshe na ga layi.

Gonar Hobley shimfiɗaɗɗen wuri ne, ƙofa biyu, ka zo ka shige. A Calverhurst ƙofa ɗaya ce tal, a can ƙolin tudu, kuma a bakinta suka kafa teburin karɓar baƙi. Masu gidan ba su san halin tsofaffin motoci ba. 'Yan ƙungiya da suka sani kuwa, shekara da shekaru a bakin ƙofa suke kafa tebur, don haka a bakin ƙofa suka kafa. Sai ga tsofaffin motoci jere a kan hawa, cikin rana, a matsa kaɗan a tsaya, a matsa kaɗan a tsaya. Tsohuwar mota tana son iska a fuskarta. Tsayuwa da inji a kunne ita ce ajalinta.

Kafin mu kai rabin tudun, gefen hanya ya cika. Bonet a ɗage, tururi yana tashi, tsofaffi da tsumma a hannu suna tsaye suna kallon lagireto kamar masu jinya. Na ga Dennis Plowright, ɗan ƙungiya, da farar motarsa da yake gogewa har ƙarƙashin taya, yana zaune a ciyawa ya cire hula.

Allurar zafi ta fara hawa. Ina kallonta tana kallona.

"Janine, kunna hita. Har ƙarshe. Ki buɗe taga."

"Hita? A wannan ranar?"

"Ita ke janye zafin daga inji."

"Ta zuba wa wa?"

"Wa ke. Shekara nawa ina gasuwa a kujerar nan? Kin ɗauka don sha'awa ƙafafuna suke jajir a duk hotunan Yuli?"

Ta kunna. Iska mai zafi ta bugo mata ƙafafu, ta ɗage su tana tsaki, fulas yana neman zubewa. Allurar ta tsaya, ta ɗan yi tunani, ta sauko kaɗan. Muka ci gaba da rarrafe. Birkin hannu, kuloci, mai, birkin hannu. Gumi yana shiga min ido.

Saura motoci kaɗan mu kai ƙofa, har ina hango matar da ke zaune a tebur da kwalin tagulloli a gabanta, Mabel ta yi tari sau biyu ta mutu.

Na ja birkin hannu. Na murɗa makulli, inji ya juya, bai kama ba. Na sake. Shiru.

Motocin gabanmu suka shige, hanya ta buɗe fayau tsakanina da ƙofa. Na bayanmu, wani mai jar doguwar mota da hular fata, ya danna hon. Ya sake dannawa.

"Baiwar Allah, a ture ta gefe mana," in ji shi ta taga. "Tawa ma tafasa za ta yi."

Na yi kunnen uwar shegu da shi.

Clive ya gangaro cikin rigar nan mai ruwan ɗorawa ta masu tsare hanya, da igiya a kafaɗa. A bayansa wani dogo mai farar riga, ba sai an gaya min ba na san Farrow ne, don bai kalle ni ba, katakon bayan mota ya nufa yana danna shi da babban yatsa.

"Malam, ɗauke hannunka," na ce. "Ba taka ba ce tukuna."

Ya ɗauke yana murmushi. Murmushin ya fi danna katakon ɓata min rai.

Clive ya sunkuyo a tagata ya rage murya. "Bari mu tura ta. Ɗan nan ne. Zan ba ki tagullar, babu mai cewa uffan. Don Vernon."

"Ta shigo da ƙafarta ke nan?"

"Wa zai tsaya duba wannan yau? Kowa ya san halin da kike ciki."

Janine ta dafa hannuna. Fuskarta ta yi ja, gashi ya manne mata a goshi. "Mama, ki bari su tura. Kin yi ƙoƙari, na gani da idona. Sauran maganar sai mu yi ta a gida."

Na san wannan a gida ɗin. Za a yi min shayi, a yabe ni, a ce ka ga da ba don Clive ba. Kafin ƙarshen wata gareji ya zama fanko. In kuma ɗauki tagullar tausayi in kafa ta a allon Vernon, kusa da waɗanda aka samu da gaske.

"Babu mai taɓa ta," na ce.

Na murɗa makulli rabi, na kasa kunne. Duk sanda Vernon ya yi haka, kafin ya tayar, akwai wata 'yar ƙara da ke fitowa daga gaba, ƙas-ƙas-ƙas, famfon mai yana aiki. Yau babu. Sai na tuna. In famfon ya ji zafi yakan yi zuciya ya tsaya, Vernon ya fita ya ɗage bonet, ya miƙo hannu ta tagata ya ce, "Glen, takalmi." In cire in ba shi, ya ƙwanƙwasa da dunduniyar. Ya ce sifana ta yi nauyi, sukudireba kuma ba shi da nauyi, dunduniyar takalmina ita ce daidai. Mun yi haka a bakin teku, mun yi a ranar bikin ƙanwarsa, mun yi a hanyar asibiti ina naƙudar Janine.

Na duba ƙafata. Takalmin roba na sa, don tuƙi.

"Janine, takalmi."

"Me?"

"Cire ki ba ni. Ki matso nan ki saurara. In kin ji ƙas-ƙas kamar agogo mai sauri ki faɗa min."

"Mama, sabo ne fa."

"Ai ya fi ƙarfi."

Na fita da takalmi a hannu, na ɗage bonet, na kafa masa sanda. Zafi ya bugi fuskata. A nan na tsaya. Wayoyi, tiyo, ƙarafa, kowanne baƙi, kowanne kamar ɗan uwansa. Duk shekarun nan ni a ciki nake zaune, bonet ya tare min gani. Aikina saurare ne. Na san ƙarar famfon kamar yadda na san tarin Vernon, amma ban taɓa ganin inda yake dukansa ba.

Maza suka fara taruwa, waɗanda nasu motocin suka riga suka kwanta. Wannan ya ce wuta ce, wancan ya ce a zuba ruwa, wani ya ce tasa ma ta taɓa yin haka a Wales. Mai hular fata ya fito ya tsaya riƙe da ƙugu. Clive ya miƙo hannu zai karɓi takalmin.

"A'a," na ce. "Nuna min da yatsa. Kada ka taɓa."

Ya dube ni. Ina jin a ranar ya fara duba fuskata sosai. Ya mayar da hannu ɗaya baya, ya nuna da ɗayan: wani ɗan baƙin abu kamar gwangwanin madara, a can lungu kusa da gilashi.

Na ƙwanƙwasa a hankali.

"Janine?"

"Ban ji komai ba."

Na sake.

"Babu, Mama."

"Vernon ba ya lallashinta," in ji Clive, yana kallon sama kamar ba da ni yake ba.

To, na daina lallashi. Na tuna shara a warwatse a gaban ƙofa, da silifas ɗinsa ɗaya a kan matakala, da yadda ya tafi bai ce min ko in ajiye masa shayi ba. Shekara arba'in da wani abu, bai taɓa cewa zo ki ga inda nake duka ba. Na ɗaga hannu na sauke mata shi da duk abin da ke cikina. Tsinin takalmin ya ɓalle ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin jar mota.

Mazan suka bi tsinin da kallo.

"Mama," in ji Janine daga ciki. "Yana yi. Ƙas-ƙas ɗin. Yana yi."

Na rufe bonet, na koma na zauna a kan matasaina, na miƙa mata abin da ya rage na takalminta. Na murɗa makulli. Mabel ta yi tari, ta girgiza, ta kama.

Saura tashi a kan hawa. Na saki birkin hannu da wuri, muka ɗan zame baya, mai hular fata ya ruga ya tsaya gaban motarsa ya buɗe hannuwa kamar zai tare mu da ƙirji. Na danna mai har ƙasa. Ta yi kururuwar da duk tudun ya ji, ta yi tsalle gaba, shayi ya zube wa Janine a riga, muka haura, muka shige ƙofa. Ban tsaya ba sai da na ji ciyawa a ƙarƙashin tayoyin baya.

Matar tebur ta taso da kwalinta. "Sunan mai mota, don mai sanarwa?"

Clive ya iso yana haki, igiya tana jan ƙasa. "Ta Vernon Ollerton ce."

"Glenys Ollerton," na ce.

"Glenys," in ji Clive. "Ai na sani."

"Ka sani ka ɓoye shi tun ranar aure? Lallai ka iya ajiya."

Ta ba ni tagullar. Ta fi ta da sirantaka, komai yanzu haka yake. Na sa ta a aljihun riga.

Suka nuna min wuri a layin ƙarshe, ƙarƙashin wata bishiya. Na ɗage bonet. Matan suna can baya sun jera kujeru, Sheila matar Dennis tana yi min hannu tana nuna wata da babu kowa. Na ɗaga mata hannu, na tsaya inda nake, a gefen bonet.

Wani mutum ya zo da matarsa, ya leƙa, ya tambaye ni ko injin na asali ne, ko an taɓa sauke shi.

"Ban sani ba," na ce. "Amma na san inda ake dukanta."

Farrow ya zagayo daga baya ya ce in na canza shawara yana nan har yamma. Na ce masa akwai biredi da cuku in yana jin yunwa, shi kaɗai ne abin da zan iya ba shi. Ya ɗauki ɗaya kuwa.

Janine ba ta je wurin shayin 'yan gayu ba, ba a shiga da takalmi ƙafa ɗaya. Ta kafa ɗan teburin da muke zuwa da shi, ya yi ta lilo saboda filin ba daidai yake ba. Ta buɗe jaka ta ciro kwalin nan, ta ƙara ninke shi, ta cusa a ƙarƙashin ƙafar tebur. Ba ta kalle ni ba. Ta zuba mana abin da ya rage a fulas.

"Sai kin biya ni takalmina," in ji ta.

"Bar shi a mota. Za a sake nemansa."

Yana nan har yanzu a aljihun gaba, rabin dunduniya ta isa aiki.

Da muka dawo na ɗauko sukudireban Vernon na kafa tagullar a ƙarshen layi. Ta ɗan karkace hagu. Na tsaya ina kallonta, na san da yana nan da ya ture ni ya gyara. Na bar ta haka, na rufe gareji.